Takardun rangwame suna rage kuɗin cefane da gaske?

Tambaya: Mu shida ne a gida, kuma kuɗin cefane yana neman ya fi ƙarfina. Na fara tara takardun rangwame, na sauke manhajojin kantuna a waya, kowane rasit yana nuna mini cewa an yi mini ragi. Amma idan wata ya ƙare sai in tarar abin da na kashe bai ragu ba, wani lokacin ma ya ƙaru. Takardun nan suna da amfani kuwa, ko ɓata lokacina nake yi? Ta ina ya kamata in fara?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Ciyar da baki shida kullum ba ƙaramin aiki ba ne, kuma abin da kika lura da shi gaskiya ne, ba lissafinki ne ya rikice ba. Adadin nan da ake bugawa a ƙasan rasit, mai cewa an rage miki kaza, ana auna shi ne da farashin da kantin ya ga dama ya rubuta, sau da yawa a kan kayan da ba ki baro gida da niyyar saye ba. Aljihunki kuwa bai san wannan lissafin ba, abin da ya fita daga cikinsa kawai ya sani. Na daɗe ina aikin sayo kaya da sanya musu farashi a kanti, don haka zan gaya miki yadda abin yake daga ɓangaren masu sayarwa. Takardar rangwame, wato wadda ake nunawa wurin biya a rage farashin wani kaya, tana da amfani, amma a cikin hanyoyin rage kuɗin cefane ita ce ta ƙarshe, kuma ke da ita kika fara.

Sai kin san dalilin da ya sa ake buga takardar kafin ki iya cin moriyarta. Wadda aka fi ambata a matsayin ta farko ita ce ta kamfanin Coca-Cola a Amurka a 1887, takarda ce da ke ba wa mutum kofi ɗaya kyauta. An ƙiyasta cewa tsakanin 1894 da 1913 an sha kofi miliyan 8.5 ta wannan hanya. Ba sadaka aka yi ba, so ake mutum ya ɗanɗana, bakinsa ya saba, gobe ya dawo da kuɗinsa. Har yau wannan ne aikinta na farko: ta sa ki gwada abin da ba ki saba saye ba, ko ta raba ki da samfurin da kike saye ta kai ki ga na wani kamfani.

Aikinta na biyu ya fi wannan dabara. Wani masanin harkar kasuwanci mai suna Chakravarthi Narasimhan ya yi bayaninsa a 1984. Kamfani yana da masu saye iri biyu, akwai wanda zai biya cikakken farashi bai ko duba ba, akwai wanda idan ba a rage masa ba sai ya haƙura. Idan kamfanin ya karya farashi ga kowa, ya yi asarar ribar da zai samu a kan na farko. Sai ya bar farashin a sama, ya fitar da takarda wadda sai mai haƙurin nema da yankewa da adanawa zai same ta. Wahalar da kike sha wajen tara takardun, ita ce rariyar da ke tace masu saye. Shi ya sa ba a taɓa sauƙaƙa abin gaba ɗaya: ga ranar ƙarewa, ga sharaɗin girman kwali, ga sharaɗin sai kin ɗauki biyu. Kantin ma ba ya asara a kan takardar kamfani, domin kamfanin yana mayar masa da kuɗin da aka rage, a Amurka har da ɗan ladan aiki da ya daɗe a kan santi 8 kowace takarda.

Akwai abin da ya kamata ki sani game da zuciyar ɗan'adam a nan, domin da ita ake kamun. A 1996 kamfanin Procter & Gamble mai yin sabulu da kayan amfanin gida ya gwada daina fitar da takardun rangwame a wasu birane uku na jihar New York, wato Buffalo da Rochester da Syracuse, da hujjar cewa gara a sauko da farashi kai tsaye. Mutane suka yi ca, aka yi ta koke, a shekarar da ta biyo baya ya janye gwajin. A 2012 kuma kantunan JCPenney na Amurka suka soke yawancin takardun rangwame da gwanjonsu, suka ce za su riƙa sanya farashi mai sauƙi kullum. Cinikinsu ya faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari a shekara guda, aka sallami shugaban kamfanin, Ron Johnson, a watan Afrilun 2013. Ashe mutane sun fi son a ce musu an yi musu ragi a kan a sayar musu da araha shiru. Wannan daɗin da kike ji idan kin ga an zaftare wani abu a kan na'urar mai karɓar kuɗi, kowa yana jin sa, kuma masu kanti sun san da shi sarai. Ba laifi ba ne ki ji shi, amma kada ki bari shi ne zai riƙa yi miki lissafi.

Sannan ki duba irin kayan da takardun suke bi. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a wata mujallar hukumar kula da cututtuka ta Amurka ya duba takardun rangwame na intanet guda 1,056 daga manyan kantuna shida. Kashi 25 cikin ɗari na kayan ƙwalama ne da alewa da kayan zaƙi, kayan lambu kuwa kashi 3 kacal, 'ya'yan itatuwa ba su ma kai haka ba. Dalilin a fili yake. Kayan da aka sarrafa aka zuba a kwali mai tambari su ne ke da ribar da za a iya yanka ragi a cikinta, kuma su ne ke da kamfani mai kasafin talla. Ɗanyen hatsi da wake da ganye ba su da mai buga musu takarda. To idan takardun ne ke tsara miki abin da za ki saya, a hankali kwandonki zai karkata zuwa ga abinci mafi tsada a kowane cokali, kuma mafi ƙarancin amfani a jiki. Ina kyautata zaton wannan ne ya faru da ke.

Bari mu tsaya a gaban kanta mu yi lissafi, da kowane irin kuɗi kike amfani. Ga kwali mai sanannen tambari, giram 500, farashinsa 600, kina riƙe da takardar da za ta cire 100. Za ki biya 500, wato kowane giram 100 ya tsaya miki a kan 100. Sunkuya ƙasa kaɗan, ga irin wannan kayan mai ɗauke da sunan kantin kansa, giram 750, farashinsa 570, ba takarda ba komai. Kowane giram 100 ya kama 76. Idan kika ɗauki na farko rasit zai taya ki murnar ragin 100, alhali kin biya ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku a kan kowane giram. Idan kika ɗauki na biyu rasit ba zai ce miki komai ba, amma kuɗin yana jakarki.

Wannan lissafin na farashin kowane awo shi ne makami mafi ƙarfi da kike da shi, kuma kyauta ne. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta 1998 ta wajabta wa kantuna rubuta farashin kilo ko lita kusa da farashin kaya, wasu ƙasashen ma suna da irin wannan ƙa'ida. Yawanci da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi a kusurwar takardar da ke manne a bakin kanta, babban farashin kuwa da jan launi ko rawaya. Ki koya wa idonki ya fara sauka a kan ƙaramin. Inda ba a rubuta ba, wayarki tana da na'urar lissafi: raba farashi da nauyi. Ki kula dai, wani lokacin a rubuta ɗaya da kilo, na kusa da shi da giram 100, ko ɗaya da nauyi ɗaya da ƙidaya. Kuma kada ki ɗauka babban kwali kullum ya fi araha, sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba, musamman idan ƙaramin ne ke cikin rangwame.

Shi ne kuma ke tona asirin wata dabara da ta yawaita a shekarun tsadar rayuwa, ta rage nauyin kaya a bar farashin yadda yake. Misalin da ya fi yin suna shi ne na cakulan Toblerone a Birtaniya a 2016, da aka mayar da mai giram 170 ya koma 150, mai 400 ya koma 360, ta hanyar faɗaɗa tazarar da ke tsakanin tsininsa. Abin ya kai Faransa ta wajabta wa manyan kantuna, daga watan Yulin 2024, su sanar da masu saye idan an rage yawan kaya farashin awonsa ya tashi. Mai kallon farashin kwali ba zai ga komai ba. Mai kallon farashin kilo nan take zai gani.

Haka za ki fassara sauran tayin da ake yi da manyan haruffa. A saya ɗaya a ba ki na biyu a rabin kuɗi, ragin kashi 25 ne cikin ɗari, ba 50 ba. A saya biyu a ba ki na uku kyauta, ragin kashi 33 ne, da sharaɗin a cinye duka ukun. Idan na ukun ya lalace, ba ki samu ko sisi ba, wataƙila ma ɗaya kawai kike bukata tun farko. Sai kuma wanda ya fi kama mutane: ki kashe 5,000 a cire miki 500. A ce cefanenki ya tsaya a 4,200. Kika ƙara kayan 800 don ki cika sharaɗi, kika biya 4,500. Idan kayan 800 ɗin nan abin da za ki saya ne dole a mako mai zuwa, kamar sabulu ko man girki, kin ci riba ta gaske. Idan kuwa zagayawa kika yi kina neman abin da za ki jefa a kwando don adadi ya cika, kin kashe ƙarin 300 ne a kan abin da kika fito da niyya. Takarda ɗaya ce, amma sakamako biyu, kuma abin da ya bambanta su shi ne ko kayan yana cikin jerin bukatunki tun kafin ki ga takardar.

Wannan ita ce ƙa'idata a kan takardun gaba ɗaya. Ki rubuta abin da gida ke bukata tukuna, sannan ki buɗe manhaja ko ambulan ɗin takardu ki ga wacce ta dace da abin da kika riga kika rubuta. Wadda ba ta dace ba ki bar ta ta ƙare, ba bashi ba ce. Inda suka fi yin aiki shi ne kayan da ba sa lalacewa kuma gidanku ba ya rabuwa da su: sabulun wanki, man goge baki, ƙunzugun jarirai, kayan gwangwani. Idan irin wannan kayan ya shiga rangwamen kanti, ga kuma takardar kamfani a hannunki, kantin kuma ya yarda a haɗa biyun, a nan ne ake samun ragin da ya amsa sunansa. Kantuna sun bambanta a kan wannan haɗawar, ki karanta ƙa'idar naku ko ki tambaya kafin ki isa wurin biya. Waɗanda kike gani a talabijin suna fita da kaya niƙi-niƙi sun biya 'yan canji, ki sani sa'o'i masu yawa suka zuba a kowane mako, kuma yawancin abin da suka kwasa ba abin da za a ɗora a tukunya a ciyar da yara ba ne.

Yanzu ga inda nake so ki fara, kuma ba a kanti yake ba, a kicin ɗinki yake. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kimanin kashi 19 cikin ɗari na abincin da ya isa ga masu ci. Kashi 60 cikin ɗari na wannan ɓarnar a gidaje aka yi ta, wajen kilo 79 ga kowane mutum a shekara, har da ɓawo da ƙashi. Wani abin da rahoton ya nuna, wanda ya ba mutane da yawa mamaki, shi ne cewa ba matsalar ƙasashe masu arziki kaɗai ba ce, tazarar da ke tsakaninsu da masu matsakaicin hali ƙarama ce. Ki auna: takarda tana rage miki kashi goma ko ashirin a kan kaya ɗaya, amma abin da ya ruɓe aka zubar, kashi ɗari na kuɗinsa ya tafi, har da kuɗin wutar da aka dafa shi.

Buɗe firjinki yau ki jawo abin da ke can ƙurya. Rabin albasa da ta bushe, ganyen da ya yi yaushi ya fara ruwa a cikin leda, ragowar abincin shekaranjiya a roba wadda aka tura baya aka manta, madarar da aka buɗe ta biyu alhali ta farko ba ta ƙare ba. Ba sakaci ne na ganganci ba, sabon kaya ne ake ajiyewa a gaba yana tura tsoho baya. A kanti, abin da ake fara koya wa sabon ma'aikaci shi ne ya jawo tsohon kaya gaba ya jera sabo a bayansa. Ki yi haka a gida. Ki ware wuri ɗaya a firji daidai ido don abin da ya kamata a fara ci, kowa a gidan ya san da shi. Ki manna takarda kusa da kwandon shara, na mako biyu ki riƙa rubuta duk abincin da aka zubar da kimanin kuɗinsa. Wannan takardar za ta gaya miki abin da kike saye fiye da kima, kuma galibi abubuwa uku ko huɗu ne suke ta maimaita kansu.

Ajiya ma ilimi ce. Firji ya kasance a kan digiri 4 na ma'aunin Celsius ko ƙasa da haka, firiza a kan digiri 18 ƙasa da sifili. Ragowar dafaffen abinci a sa shi a firji cikin sa'o'i biyu, a cinye shi cikin kwana uku zuwa huɗu, idan ba za a ci ba a daskarar da shi tun da wuri, a rubuta rana a jikin robar. Dafaffiyar shinkafa musamman kada a bar ta ta kwana a waje, domin akwai ƙwayar cutar da dafuwa ba ta kashe irinta, kuma ɗumamawa ba ta kawar da gubar da take fitarwa. Sai ranakun da ake bugawa a jikin kaya, waɗanda iri biyu ne. Akwai mai nufin a yi amfani da kayan kafin rana kaza, wannan ta lafiya ce, ana sa ta a kan nama da kifi da makamantansu, kada ki ƙetare ta. Akwai mai nufin kayan ya fi daɗi kafin rana kaza, wannan ta inganci ce kawai, busasshen kaya ko na gwangwani da aka adana da kyau yakan wuce ta ba tare da wata illa ba, muddin gwangwanin bai kumbura ko ya yi tsatsa ba. Wani nazari na hukumar Tarayyar Turai a 2018 ya ƙiyasta cewa har kashi 10 cikin ɗari na abincin da ake zubarwa a can yana da alaƙa da waɗannan ranaku, shi ya sa wasu manyan kantunan Birtaniya suka cire su daga kan kayan lambu da 'ya'yan itatuwa.

Bayan ɓarna sai tsari. Ba na nufin jadawalin girki na wata guda mai layi-layi, wannan ba ya kai mako biyu a yawancin gidaje. Kafin ki fita, ki duba abin da ke gida, ki tsara abincin kwana huɗu ko biyar a kansa, ki bar kwana ɗaya ko biyu don ragowa, ki rubuta abin da ya rage a saya. Jerin nan shi ne garkuwarki, domin kanti an gina shi ne don ya sa ki ɗauki abin da ba ki zo nema ba. Tun da Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis na Amurka a 1916, inda mai saye ke ɗaukar kaya da hannunsa maimakon ya gaya wa mai kanti, sana'ar ta koma ta jan ido. A 1937 Sylvan Goldman ya kawo keken zuba kaya a birnin Oklahoma, saboda ya lura mutane suna daina saye da zarar kwando ya yi wa hannu nauyi. Kantar da ke daidai ido ita ce mafi daraja, kamfanoni suna biyan kuɗi don samun wuri mai kyau, mai araha kuwa sai kin sunkuya ko kin yi ɗage. Kayan da aka tara a bakin layi kamar gwanjo, ba lallai an rage musu komai ba. Babban kanti a Amurka yakan ɗauki kaya iri sama da 30,000, alhali gidanki bai wuce 'yan gomomi yake bukata ba.

A kan haka nake ba ki shawarar ki gwada kayan da ke ɗauke da sunan kanti, ɗaya bayan ɗaya. A kan gishiri, sukari, gari, taliya da makamantansu, bambancin yakan zama kaɗan ko babu, ki karanta jerin abin da ke ciki ki kwatanta. Inda iyalinki suka ji bambancin da ba za su jure ba, ki koma wa wanda kuka saba, babu dole. Kantunan Aldi, waɗanda suka yi suna da araha a Turai da Amurka, kusan kashi 90 cikin ɗari na kayansu masu sunan kansu ne, kuma ba su dogara da takardun kamfanoni ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki inda arahar take fitowa.

Abu ɗaya da nake ganin ya fi takardun rangwame duka daraja shi ne ɗan littafin farashi. Ki zaɓi kaya goma sha biyar ko ashirin da suka fi cin kuɗinki, ki tattaro rasit na wata ɗaya ko biyu, ki rubuta farashin kilo ko lita na kowanne, da rana, da wurin da kika saya. Cikin 'yan watanni za ki san farashin gaskiya na kowane kaya, ki san mafi ƙasƙancin da yake sauka, ki ga cewa rangwamen wasu kayan zagayowa yake yi. Daga nan babu allon da zai ruɗe ki. Idan kaya marar lalacewa ya sauko ƙasa, ki sayi abin da zai kai ki zagaye na gaba, ba abin da zai cika ɗaki ba. Kuma ki mayar da hankali kan manya. Ragin kashi goma a kan abin da ke cin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin cefane ya fi ragin rabi a kan kwalbar kayan ƙamshi da ake saye sau biyu a shekara.

Dole in faɗi wata gaskiya a nan, domin masu ba da shawarar tattali sukan tsallake ta. Sayen sari da tanadi lokacin araha sai da kuɗi a hannu da wurin ajiya. Wasu masu bincike biyu na jami'ar Michigan, Yesim Orhun da Mike Palazzolo, sun bi sayen takardar banɗaki na gidaje sama da 100,000 a Amurka tsawon shekara bakwai, suka gano masu ƙaramin ƙarfi suna biyan ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari a kan kowane falle, saboda ba sa iya sayen babban ƙunshi ko jiran rangwame. Sun kuma ga cewa a farkon wata, lokacin da kuɗi ya shigo, waɗannan gidajen sukan fi yin sayen dabara. Wato ba rashin wayo ba ne, rashin sarari ne. Idan haka halinki yake, kada ki zargi kanki. Ki ware ɗan abu kaɗan a ranar da kuɗi ya shigo don kaya guda ɗaya da za ki saya da yawa, wata mai zuwa wani kayan, ko ki haɗa kuɗi da 'yar'uwa ko maƙwabciya ku sayi babba ku raba.

Game da manhajoji da katin zama ɗan gida na kanti, wato katin da kanti ke ba masu cefane a wurinsa don a riƙa yi musu ragi, ba na cewa ki guje su. Tun da babban kantin Tesco ya fito da katinsa a Birtaniya a 1995 aka gane cewa sanin abin da kowane gida ke saye dukiya ne, kuma da wannan bayanin kike biyan ragin. Ragin kansa yawanci na gaske ne: hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta duba kaya kusan 50,000 a 2024, ta ce kashi 92 cikin ɗari na farashin masu kati ragi ne na haƙiƙa idan aka kwatanta da farashin da kantin ya saba, amma ta ƙara da cewa wannan ba ya nufin ya fi na wani kantin araha. Ki riƙe ɗaya ko biyu na inda kike cefane da ma, ki kashe sanarwar da ke faɗo miki a waya, domin aikinta ta tuna miki da sayayya a ranar da ba ki yi niyya ba. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook kuwa, masu cewa wani babban kanti yana rabon takardar kyauta idan kin tura wa mutum ashirin, damfara ce. Duk inda aka nemi lambar sirrin katin bankinki don a ba ki rangwame, ki rufe shafin.

Ki sa lokacinki da kuɗin mota a cikin lissafi. Zuwa kanti uku a rana ɗaya don kowanne yana da abu guda mai araha yakan cinye ragin a hanya, kuma kowace shiga kanti wata dama ce ta ɗaukar abin da ba a shirya ba. Idan kina ganin hannunki yana saurin miƙewa, ki gwada fita da tsabar kuɗin cefane daidai. Wani gwaji da Drazen Prelec da Duncan Simester suka wallafa a 2001 ya nuna mutanen da aka ce za su biya da katin bashi sun yarda su biya kusan ninki biyu a kan tikitin wasa fiye da waɗanda za su biya da tsaba. Kuɗin da ake ƙirgawa da yatsu ya fi ciwon fita.

Akwai kuma inda ba na so ki yi tsimi ko kaɗan, domin tattali daban, ƙwauron baki daban. Tun 1857 masanin ƙididdiga Ernst Engel ya nuna cewa gwargwadon ƙarancin samun gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci a cikinsa. Ko a Amurka, gidaje mafi ƙarancin samu suna kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya shigo musu a kan abinci, mafi wadata kuwa ba su kai kashi goma cikin ɗari ba. Idan abu ya matse, abin da ake fara yankewa shi ne mai gina jiki da kayan lambu, a cika ciki da sitaci zalla, kuma yara da mai juna biyu ne ke ɗaukar nauyin wannan. Ki nemi mai gina jiki mai araha maimakon ki cire shi: wake da danginsa, ƙwai, kifin gwangwani, nama kaɗan da aka yaɗa cikin abinci mai yawa. Kayan lambu ki bi wanda ke kakarsa, na daskarewa ma yana riƙe da amfaninsa kuma ba ya ruɓewa a hannunki. Abin da za a fara yankewa shi ne lemon kwalba da kayan ƙwalama, waɗanda da ma su ne takardun suke ta turo miki.

Idan akwai jariri mai shan madarar gwangwani, kada a ƙara mata ruwa fiye da yadda aka rubuta don ta daɗe, wannan yana iya yi wa jariri mummunar illa, kuma kada a yi amfani da wadda ranarta ta wuce. Idan kuma kin yi duk abin da za ki iya amma kuɗin bai kai a ci a ƙoshi ba, to matsalar ta wuce ta dabarar cefane. Ki nemi duk wani tallafin abinci da ke akwai a inda kike, na hukuma ko na ƙungiyoyin agaji, ki gaya wa ma'aikatan lafiyar da ke duba yaranki halin da ake ciki, domin sukan san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.